Akwatin Intanet Na Gida: Abin Da Maigida Zai Duba Kafin Ya Saya

Dattawan da su ke da rai har yanzu suna iya tuna zamanin da akwatin rediyo ya ke baƙo a ƙasar Hausa. A watan Maris na 1957 ne BBC ta fara magana da Hausa daga Ingila, a 1962 kuma aka buɗe gidan rediyo da talbijin na Kaduna. A lokacin nan gidan da ya mallaki akwati shi ne matattarar unguwa da maraice. To, yau ga wani sabon akwati ya shigo gidajenmu, ɗan ƙarami, bai kai faifai faɗi ba, ba ya magana, ba ya waƙa, sai ƴan fitilu da ke ƙyaftawa a goshinsa. Masu sayar da shi suna kiransa rauta. Aikinsa shi ne ya ɗauko intanet daga waje, ya rarraba wa wayoyi da kwamfutocin mutanen gida ba tare da an ja wata igiya ba, ta hanyar nan da a ke kira Wi-Fi.

A unguwa irin Ƙofar Marusa, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, maganar nan ta wuce ta alatu. A gida ɗaya sai ka sami ɗalibin Jami'ar Umaru Musa Ƴar'adua ko ta Al-Qalam yana neman littattafai, ga ƙanwarsa tana shirin jarrabawar JAMB wadda tun shekarar 2015 a kan kwamfuta a ke yin ta, ga uwargida tana tallar turare da atamfa ta WhatsApp, maigida kuwa yana jiran ya ga kuɗin cinikinsa sun shiga banki. In ko wannensu zai riƙa sayen data dabam a wayarsa, kuɗin da ke fita a wata ba kaɗan ba ne, balle tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yarje wa kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Don haka ne magidanta da yawa su ke tunanin sayen akwati guda wanda kowa zai sha daga gare shi. Amma sau da yawa a kan saya a kawo gida, bayan kwana biyu a jefa shi cikin kwaba, gama bai yi abin da aka zata ba. Abin da ke jawo haka shi ne za mu duba a nan.

Rijiya da guga

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, rauta ba ya ƙirƙiro intanet. Guga ne kurum, rijiyar tana wani wuri. Kome kyan guga, in rijiya ta ƙafe ba ya fito da ruwa.

Hanyar da intanet ke bi kafin ta iso Katsina doguwa ce ƙwarai. Manyan igiyoyi ne aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga Turai da sauran ƙasashe zuwa gaɓar Nijeriya, yawancinsu a Ikko su ke fitowa. Igiyar MainOne da ta Glo-1 sun fara aiki a 2010, ta Equiano kuwa ta iso a 2022. Daga bakin teku sai a ja wasu igiyoyin ta ƙarƙashin ƙasa har zuwa Arewa, su kai ga ƙarafan sabis da mu ke gani tsaye a unguwanni. Ran 14 ga Maris 2024, da wasu igiyoyin teku su ka tsinke a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi a Nijeriya duk sun ji a jikinsu, mai akwati mai tsada da mai araha kowa ya zauna jugum.

Iri uku ne na rijiyar da gida zai iya ɗiba. Akwai sabis na kamfanonin wayar hannu, wanda a ke samu ta hanyar sa sim a cikin akwatin, shi ne kuwa mafi yawan gidajen Katsina za su dogara da shi. Akwai igiyar gilashi da a ke ja har cikin gida, wadda ta fi ko wace hanya tabbas, sai dai ba ko wane layi ta ratsa ba, saboda haka sai mutum ya tambaya ko ta iso ƙofar gidansa. Sa'an nan akwai ta tauraron ɗan'adam, irin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, ita ce kuwa ƙasa ta farko a Afirka da ya shiga. Wannan yana aiki har a dajin da babu ƙarfen sabis, amma kuɗin sayensa da na wata-wata da wutar da ya ke ci sun fi ƙarfin yawancin magidanta.

Tun da ya ke haka ne, kafin maigida ya taka kasuwa sai ya fara gwada rijiyar. Ya ari sim na MTN da na Airtel da na Glo da duk wani kamfanin da ke aiki a unguwar, ya sa a waya guda, ya tsaya a daidai wurin da ya ke nufin ajiye akwatin, ya gwada saurinsu. Kada ya gwada da hantsi kaɗai. Ya sake gwadawa bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya koma gida ya ɗauki waya, gama a sa'an nan ne a ke gane ƙarfen da jama'a su ka yi wa yawa. Kada kuma ya dogara da shaidar abokinsa na Ƙofar Ƙaura ko na Ƙofar Guga. Kamfanin da ke gudu a can yana iya rarrafe a Ƙofar Marusa, kai, har tsakanin gida da gida a layi ɗaya a kan sami bambanci.

Mai ƙulli da marar ƙulli

Akwatunan da ke cin sim kashi biyu ne. Waɗanda kamfanonin waya ke sayarwa da tambarinsu galibi a ƙulle su ke, ba su karɓar sim ɗin kowa sai na mai su. Sun fi araha, sau da yawa ma a kan haɗa da kyautar data. Amma ran da sabis ɗin kamfanin ya lalace a unguwa, ko mutum ya yi ƙaura, to, ya zama ɗaurarre. Marar ƙulli ya fi tsada, sai dai yana ba mai shi damar sauya layi duk sa'ad da ya ga dama. Wanda ya gwada ya tabbata kamfani ɗaya ya fi sauran nesa ba kusa ba a gidansa, ba laifi ya ɗauki mai ƙulli. Wanda ya ga sabis ɗin yau fari gobe baƙi, marar ƙulli ya fi masa.

Akwai wani tarko a nan wanda ya kama mutane da yawa, musamman masu sayen na hannu da aka shigo da su daga ƙasashen waje. Ko wane kamfani yana da zangon da ya ke watsa sabis ɗinsa na 4G a kai, kamar yadda ko wace tashar rediyo ke da mitarta. A Nijeriya zangunan da aka fi aiki da su su ne masu lamba 3 da 7 da 20 da 28. Glo ya yi suna da zango na 28, watau megahaz 700, akwatuna da yawa kuwa ba su kama shi. Akwatin da aka ƙera don kasuwar Amurka yana iya zuwa lafiya lau, fitilunsa na ci, amma ya kasa jin ƙarfen da ke bayan gidanka. A jikin kwali ko a takardar da ke ciki a kan rubuta lambobin nan. A duba su. A kuma nemi wanda NCC ta amince da irinsa, gama doka ta ɗora wa hukumar nan aikin tantance kayan sadarwa kafin a sayar da su a ƙasa.

Game da 5G kuwa, a watan Disamba na 2021 aka yi gwanjon zangonsa, MTN ya fara aiki da shi a 2022 a birane bakwai, cikinsu har da Kano da Maiduguri, Airtel ya biyo baya a 2023. Sauri kam yana da shi, amma ƙarfensa ba ya kai wa nesa, kuma akwatinsa ya fi tsada, ya fi cin wuta. Kada mutum ya biya kuɗin 5G sai ya ga alamarsa da idonsa a kan waya a cikin gidansa. Ba a cinikin biri a sama.

Lambobin jikin kwali

Ƴan kasuwa sun san ido na son babbar lamba, saboda haka su kan cika kwali da su. Ga yadda a ke karanta su. In aka rubuta 150 Mbps ko 300 Mbps, watau megabit 150 ko 300 a daƙiƙa, iyakar abin da akwatin zai iya ɗauka ke nan in kome ya daidaita, abin da kuwa ba ya faruwa a gida. In aka ce AC1200, an haɗa saurin zango biyu ne, 300 da 867, aka cike lissafi, ba kuwa wata waya da za ta sami jimlar nan gaba ɗaya. Sa'an nan a lura, megabit dabam, megabayit dabam: bit 8 ke yin bayit 1. Da bit a ke auna sauri, da bayit a ke sayar da data. Wanda sabis ɗinsa ke gudun megabit 10 a daƙiƙa zai sauke abu mai nauyin gigabayit 1 cikin minti 13 da ƴan kai. Saurin nan kuwa ya ishi karatu da ciniki da kiran bidiyo a ƙaramin gida, muddin ya tsaya bai riƙa yankewa ba. Tabbas ya fi gudu amfani.

Shi kansa Wi-Fi yana da zuriya. A 1997 aka fara tsara ƙa'idarsa, a 1999 aka raɗa masa sunan nan. Wanda a ke kira na 4 ya fito a 2009, na 5 a wajen 2013, na 6 a wajen 2019. Bai kamata a sayi abin da ya gaza na 5 ba in da hali, musamman a gidan da wayoyi su ka kai goma ko fiye, gama sababbin sun fi iya raba hanya tsakanin masu yawa. A tambayi kuma wayoyi nawa akwatin ke ɗauka a lokaci ɗaya. Ƙananan nan na aljihu da a ke kira MiFi galibi ba su wuce goma zuwa goma sha shida ba, kuma ba su jefa sabis nesa. Na tafiya ne da na mutum ɗaya ko biyu. Gida mai iyali yana bukatar na ajiyewa a kan tebur, mai kafar sa igiya a bayansa, in so samu ne kuma mai kafar ɗaura eriya ta waje.

Ginin ƙasa da rufin kwano

Masu ƙera akwatunan nan ba su yi tunanin gidan Bahaushe ba. A ƙasashensu da yawa bangon ɗaki na katako ne ko allon farar ƙasa, sabis na ratsa shi ba wuya. Mu kuwa a cikin birni muna da ginin ƙasa mai kauri wanda a gindinsa ya kan kai kamu ɗaya ko fiye, ga soraye, ga zaure da shigifa tsakanin ƙofar gida da cikin gida. A sababbin unguwannin bayan ganuwa kuma ga bulo da siminti da rodi, ga rufin kwano da ƙofofin ƙarfe. Ƙasa mai kauri tana shanye sabis, ƙarfe yana mai da shi baya, ruwa ma yana cinye shi, saboda haka kusa da tanki ko randa ba wurin ajiye rauta ba ne.

Yawancin akwatunan kirki suna watsa Wi-Fi a zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na 5 ya fi sauri, amma bango ɗaya mai kauri ya isa ya karya shi. Na 2.4 ya fi haƙuri, ya fi ratsa gini, sai dai a unguwa mai cunkoso akwatunan maƙwabta duk a kansa su ke, suna ta gogayya. Mai zango biyu shi ne abin saye, na kusa su hau na 5, na nesa su hau ɗayan.

Tsarin gidanmu kuma yana da tasa fa'ida in an san ta. Ɗakuna suna kewaye da tsakar gida, ƙofofinsu da tagoginsu duk nan su ke kallo. In aka ɗora akwatin a sama, a bakin taga ko a ƙarƙashin baranda inda rana da ruwa ba su taɓa shi, yana fuskantar tsakar gida, sabis zai bi sarari ya shiga ko wane ɗaki ta ƙofa. In kuwa aka kulle shi a ƙuryar turakar maigida, a ƙasa, bayan talbijin, to, maigida kaɗai zai more shi. Gidan da ya ke da sassa da yawa, ko mai bene, akwati ɗaya ba zai ishe shi ba kome yawan ƙahoninsa. Maganin wannan shi ne a ja igiya daga na farko zuwa na biyu a ɗaya sashen. Igiyar nan tana kai wa mita 100 ba tare da sabis ya ragu ba, ta kuwa fi ƴan na'urorin nan da a ke maƙalawa a soket don ƙara nisa, waɗanda su kan rage sauri.

Wuta, zafi da ƙura

Akwatin da ya fi ko wanne a duniya, in babu wuta, dutse ne. Mutanen Katsina da Kano da Jigawa, waɗanda kamfanin KEDCO ke raba wa wuta, ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa su ka lalace, aka yi kwana da kwanaki cikin duhu. Saboda haka tambayar wuta tana gaba da tambayar sauri.

Abin farin ciki, rauta ba mai ci ba ne. Na gida ya kan ci kamar wat 10, watau daidai da ƙwan fitila ɗaya na zamani. In ya kwana ya wuni a kunne wata guda, abin da zai ci bai wuce yunit 7 da ɗan kai ba. Ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya 7 yana riƙe da abin da a lissafi zai ɗauke shi kusan awa 8, a aikace kuwa ƙasa da haka kaɗan. Akwai akwatunan da ke zuwa da batir a cikinsu, akwai kuma ƴan ƙananan ma'ajiyar wuta da a ke sayarwa musamman dominsu. Mai sola kuwa ya huta. Abin kiyayewa shi ne a dubi bolt ɗin da aka rubuta a gindin akwatin, ko 12 ne, ko 9, ko 5, kada a sa masa cajar da ba tasa ba don kurum bakinta ya shiga. A kuma sa masa abin tare ƙarfin wuta, gama dawowar wuta da ƙarfi da tashin janareta su ne ajalin yawancinsu. Da damina in hadari ya taso da tsawa, a zare shi daga bango, balle mai eriya a kan rufi.

Masu ƙera su galibi su kan rubuta cewa kada zafin wurin ya wuce digiri 40. A Katsina kuwa cikin watan Afrilu da Mayu zafin inuwa ma ya kan haura haka, balle ɗaki mai rufin kwano marar silin. Akwatin da ya yi zafi ya kan rage gudu, ko ya riƙa kashe kansa yana tashi, mai shi ya yi ta zargin kamfani. Kada a lulluɓe shi da ƙyalle don tsoron ƙura. Da hunturu a riƙa kakkaɓe ramukan iskarsa da busasshen buroshi. MiFi ɗin da a ke bari a caji dare da rana cikin zafi batirinsa ya kan kumbura, in kuwa ya kumbura a daina aiki da shi nan da nan, gama yana iya kama wuta.

Ƙofar da ba a gani

Ba maigidan da zai kwanta ya bar ƙofar zaure a buɗe, amma da yawa sun bar ta akwatinsu. Kalmar sirri biyu ce a ko wane rauta: ta shiga Wi-Fi, da ta shiga cikin saitinsa. Ta biyun nan sau da yawa daga masana'anta iri ɗaya ce a dubban akwatuna, kowa ya san ta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi ta irin wannan ƙofa ta kame dubun dubatar na'urorin gidajen mutane a duniya, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuna a Amurka, masu na'urorin ba su ma sani ba. Ranar da aka kawo akwati gida, ranar za a sauya duka biyun, da kalma doguwa wadda ba sunan ɗa ba ce, ba kuma lambar waya ba.

Makullin Wi-Fi ma iri-iri ne. Tsohon da a ke kira WEP tun 2001 masana su ka nuna yadda a ke ɓalle shi. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 a 2018. A zaɓi ɗaya daga cikin biyun nan na ƙarshe, akwatin da ba shi da su kuwa a bar wa mai shi. A nemi na kamfanin da aka sani, irin su TP-Link ko Huawei ko ZTE, wanda ke aiko da gyaran manhaja lokaci lokaci, a kuma riƙa karɓar gyaran in ya zo.

Haƙƙin maƙwabtaka abu ne mai girma a wurinmu, ba kuwa daɗi ɗan maƙwabci ya roƙi kalmar sirri a hana shi. Yawancin akwatuna suna da hanyar baƙi dabam, mai kalmarta, wadda a ke iya taƙaita wa sauri ko a rufe ta in an so. Ita za a ba baƙo da maƙwabci, a huta da ƙarewar data ran goma ga wata. A tuna kuma tun Disamba na 2020 Gwamnati ta wajabta haɗa ko wane sim da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Duk abin da aka aikata ta layin nan, sunan mai layin zai fito. Kada a sayi akwatin da ya zo da sim mai rajistar wani, kada kuma a bar wanda ba a sani ba ya hau naka. Iyaye kuma su nemi mai saitin da ke kashe wa yara sabis in dare ya yi.

A bakin kanti

Ko a shagunan birnin Katsina mutum zai saya, ko a ofishin kamfanin waya, ko ya tafi kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, sharuɗɗan ɗaya ne. Ya tafi da sim ɗinsa, a sa a gabansa, ya ga ya kama 4G, ya hau da wayarsa ya buɗe shafi. Ya dubi lambar IMEI ta jikin akwatin ko ta dace da ta kwali. Ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar nan, a kuma yi magana a fili kan kwana nawa zai iya mayarwa in bai yi aiki a gidansa ba, gama shago ba gida ba ne. In an ce masa data marar iyaka ce, ya tambaya gigabayit nawa zai ci kafin a rage masa gudu, gama yawancin irin tsarin nan suna da wannan sharaɗi a ƙananan rubutu. Ya kuma lissafa kuɗin data na shekara guda ya ɗora a kan kuɗin akwatin, a nan ne zai ga wanda ya ke da araha na gaskiya. In daga baya ya sami matsala da kamfanin layinsa, ya kai kuka gare su ba a share masa hawaye ba, NCC tana da lambar kira kyauta ta masu ƙorafi, watau 622.

To, jama'a, mai shirin saye sai ya fara da abin da ba ya cin kuɗi: aron sim, da gwaji da safe da dare, da zagaya gida a ga inda sabis ya fi ƙarfi. Wanda ya yi wannan mako guda ya riga ya san irin akwatin da zai nema tun bai bar Ƙofar Marusa ba, ba kuwa mai rinjayarsa da yawan ƙahoni ko girman lamba. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida. Allah ya sa mu dace.